Amanar Yara a Wuyanmu: Idan Malama Ta Ga Alamar Cutarwa, Me Za Ta Yi?



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya azurta mu da 'ya'ya, kuma Ya sanya su amana a wuyanmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da iyalan gidansa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ke 'yar'uwa Musulma, a wannan fitowa ina so mu tattauna wata magana mai nauyi a baki, wadda da yawanmu mun fi son a bar ta a ƙuryar ɗaki. Maganar ita ce cin zarafin yara ƙanana, da yadda malamar firamare ko ta Islamiyya za ta gane yaron da ake cutarwa, da kuma inda ya kamata ta kai magana. Kada ki ce ai ke ba malama ba ce. Yaron da ke zaune gaban malama da safe daga ɗakin wata uwa ya fito, kuma ranar da malama ta ɗauki mataki, a ƙofar ɗayanmu za ta yi sallama.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami

A shekarata ta biyu da fara koyarwa, bayan na kammala kwalejin ilimi, an ba ni aji uku a wata Islamiyya mai haɗe da firamare. Wata rana muna gwajin alwala a aikace, kowace yarinya ta naɗe hannun riga, sai wata 'yar kimanin shekara takwas ta ƙi. Na lallashe ta har ta naɗe. A damtsenta na ga tabon ƙuna guda huɗu masu siffar bayan cokali, biyu sun warke, biyu ɗanyu. Na ce, "Me ya same ki a nan?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, faɗuwa na yi."

Wallahi na san faɗuwa ba ta ƙona mutum. Amma na san gidan da take, na san gwaggon da ke riƙon ta, mace ce da ake ganin girmanta a unguwa, tare muke zuwa ta'alimi. Sai na ce wa kaina ba a shiga sha'anin gidan mutane, na shafa mata magani na yi shiru. Da aka dawo hutu ba ta dawo ba, aka ce an mayar da ita ƙauye, kuma ban sake ganin ta ba. Har yau idan na zo wurin da Allah Ya ambata a Suratut Takwir cewa za a tambayi jaririyar da aka binne da rai laifin da ta yi aka kashe ta, sai fuskar yarinyar nan ta faɗo mini. Ina roƙon Allah Ya yafe mini, kuma ba na so wata malama ta maimaita kuskurena.

Girman matsalar

A shekarar 2014 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, tare da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta gudanar da bincike a faɗin Nijeriya. An gano cewa a cikin yara 10, kusan 6 sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya 1 cikin 4, da yaro namiji 1 cikin 10, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata. Waɗanda suka samu taimako kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Mafi yawan masu aikata abin mutane ne da yaron ya sani: na gida, maƙwabta, har da malamai.

Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300, akasarinsu yara da samari, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. A watan Agusta na 2020 an ceto wani yaro ɗan shekara 10 a Birnin Kebbi wanda aka ɗaure a turken dabbobi kusan shekara biyu. A watan Disamba na 2021 aka sace wata yarinya 'yar shekara 5 a Kano a kan hanyarta ta dawowa daga Islamiyya, daga baya ta tabbata mai makarantar bokon da take zuwa ne ya sace ta ya kashe ta, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na 2022. Inna lillahi! Yaron da aka ɗaure shekara biyu, a ce babu maƙwabciyar da ta taɓa jin kukansa?

Tarbiyya daban, zalunci daban

Na san wata za ta ce, to yanzu ba za mu hori 'ya'yanmu ba ke nan? Za mu hore su mana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai mu dubi wanda aka umarce mu da koyi da shi. Anas ɗan Malik (RA) ya yi wa Manzon Allah (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ba da labarin cewa ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Uwar Muminai A'isha (RA) ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Ya kan ɗauki jikarsa Umama yana salla, kuma ya kan taƙaita salla idan ya ji kukan jariri don tausayin uwarsa. Lokacin da ya iske Abu Mas'ud Albadari (RA) yana zane wani yaronsa da bulala, ya tunatar da shi cewa ikon Allah a kansa ya fi ikonsa a kan yaron, nan take sahabin ya 'yanta shi.

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya ma ba su bar malami sakaka ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban malamai, inda ya iyakance horon yaro a kan karatu da bulala uku, ya kuma hana dukan kai da fuska. Ibn Khaldun ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa tsanantawa yaro tana koya masa ƙarya da yaudara da kasala. Saboda haka duk horon da ya fasa fata, ko ya bar tabo, ko aka yi shi da wuta, ko barkono, ko yunwa, ko ɗauri, ya fita daga tarbiyya ya shiga zalunci, ko da uwar da ta haifa ce ta yi shi.

Yadda ake gane alama

Ki koma Suratu Yusuf, 'yar'uwa, akwai darasi a cikinta ga kowace malama. Waɗanda suka cutar da Annabi Yusuf (AS) yana yaro 'yan'uwansa ne na jini, kuma sun dawo gida suna kuka, ɗauke da riga mai jinin ƙarya. Annabi Yaƙub (AS) bai karɓi labarinsu ba. Malaman tafsiri sun ce ya lura rigar ba ta yage ba, ina kerkecin da zai cinye yaro ya bar rigarsa lafiya lau? Daga baya kuma, a gidan Azizu, wani mai shaida ya dubi inda riga ta yage, ta gaba ko ta baya, ya gane mai gaskiya. Imam Ƙurɗubi ya ce daga nan malaman fiƙihu suka kafa hujjar aiki da alamomi. To haka malama za ta yi: ta gwada labarin da aka ba ta da abin da idonta ya gani.

Na farko, alamomin jiki. Yaro mai wasa yakan ji ciwo a gwiwa, ƙwauri, gwiwar hannu da goshi. Amma rauni a gadon baya, cinya, ɗuwawu, wuya, kunne ko cikin damtse abin a tsaya a duba ne. Haka raunin da ya ɗauki siffar wani abu: shatin bulala ko wayar wuta, sawun yatsu, cizon haƙori, ƙunar cokali ko dutsen guga, zoben igiya a wuyan hannu ko idon sawu. Idan kika ga tsoho da sabon rauni tare, ko labarin yana canzawa, yau faɗuwa gobe ƙonewa, to a kula.

Na biyu, alamomin sakaci. Yaron da kullum yake zuwa da yunwa, yana roƙon abincin 'yan'uwansa ko yana ɗauka a ɓoye. Miki ko ƙazuwa da aka bari ba magani. Barci a aji saboda talla har dare ko aikin gida tun asuba. Yawan fashi ba dalili. Littafin kiran suna babban mai ba da shaida ne ga malamar da take duba shi. Ki ƙara sa ido a kan maraya da agola da 'yar riƙo da 'yar aiki, domin su ne ba su da mai tsaya musu.

Na uku, sauyin hali. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Yarinya mai surutu da ƙoƙari ta koma shiru, haddarta ta zube. Yaro yana zabura yana kare kansa da zarar kin ɗaga hannu za ki yi rubutu a allo. An tashi amma yana jan ƙafa ba ya son tafiya gida. Yana firgita idan aka ambaci wani mutum. Ko ya koma dukan na ƙasa da shi ba gaira ba dalili.

Na huɗu, alamomin lalata, wal'iyazu billahi. Wahalar zama ko tafiya, jini ko ƙazanta a wando, kuka wajen fitsari, dawowar fitsarin kwance ko na tsaye bayan an daina, sanin maganganun manya da suka fi ƙarfin shekarunta, da kuɗi ko alawa da ba ta iya faɗin wanda ya ba ta. Kuma kada mu ɗauka 'ya'ya mata kaɗai abin ke samu, ana lalata yara maza, kuma su sun fi ɓoyewa.

Sai dai a yi hattara. Alama ɗaya ba hujja ba ce. Mai ciwon sikila yakan yi fashi da rama, tsagar wanzami da ƙaho sukan bar tabo, yaron da aka yi wa rasuwa yakan yi shiru. Talauci kuma ba laifi ba ne. Na taɓa samun yaron da kullum barci yake a aji, da muka bincika ashe mahaifiyarsa ce kwance ba lafiya, shi ke tallan ƙosai da safe da gyaɗa da dare. 'Yan'uwa mata suka haɗa kuɗi aka kai ta asibiti, yaron ya dawo da karatunsa. Da na yi shiru, da bai samu wannan ba. Da na yi gaggawar zargi, da na zalunci baiwar Allah.

Idan yaro ya buɗe baki

Yaro ba ya faɗin irin wannan magana sai ga wanda ya amince da shi, kuma sau da yawa sau ɗaya yake gwadawa. Idan ya zaɓe ki, ki riƙe kanki. Kada ki ɗora hannu a ka kina salati da ƙarfi, domin zai tsorata ya haɗiye sauran. Ki ja shi gefe inda ba mai jin ku amma ana iya hango ku. Ki ce, "Faɗa mini abin da ya faru," ki bar shi ya faɗa da bakinsa. Kada ki sa masa suna a baki, irin su "Kawunka ne ko?" Kada ki ce, "Me ya kai ki ɗakinsa?" ko "Me ya sa ba ki faɗa tun tuni ba?" Ki gaya masa ya kyauta da ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne. Ya zo a hadisin Abu Dawud da Tirmizi cewa wata mata da aka fi ƙarfinta a hanyar masallaci, Manzon Allah (SAW) bai ɗora mata laifi ba. Ina ga ƙaramar yarinya da ko alƙalami bai hau kanta ba?

Idan ya ce ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba, kada ki rantse. Ki ce, "Ba zan gaya wa 'yan aji ba, amma zan gaya wa wanda zai taimake ka." Da kin fito, ki rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, da rana da lokaci, da abin da kika gani da inda yake a jiki. Kada ki tuɓe yaro don dubawa, wannan aikin likita ne. Kada ki ɗauki hotonsa ki tura zauren WhatsApp. Kada kuma ki tari wanda ake zargi da kanki, domin fushinsa a kan yaron zai sauka da daddare.

Inda ake kai magana

A ranar ki sanar da shugaban makaranta, ki ba shi abin da kika rubuta, ki ajiye kwafi. Idan shi ake zargi, ko ya ce a bar maganar don kare sunan makaranta, to ki wuce shi zuwa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ko jami'an jin daɗin jama'a, ko ma'aikatar mata ta jiha. Iyaye su ne na farko da za a kira, matuƙar ba su ake zargi ba.

Idan akwai rauni mai tsanani ko fyaɗe, asibiti ne farko. Maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, don haka ba a jira sai an gama shawara da dangi. Kada a yi wa yarinya wanka ko gashi da ruwan zafi kafin likita ya gan ta, kada a wanke kayan da ke jikinta, domin hujja ce. Akwai cibiyoyi na musamman don wannan: Cibiyar Waraka a Asibitin Murtala Muhammad da ke Kano, cibiyoyin Salama a Jihar Kaduna, da Cibiyar Nana Khadija a Sakkwato. Daga nan sai 'yan sanda. Hukumar NAPTIP, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA duk suna karɓar irin wannan ƙorafi.

Doka ma tana bayanki. Tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003, Jihar Kaduna ta yi tata a 2018, Jihar Kano a 2023. Mai unguwa da liman da Hisba suna da amfani wajen nasiha da gyara matsalar sakaci. Amma fyaɗe ba a sasanta shi a zaure da kuɗin magani da "a yi haƙuri". Wanda aka rufa wa asiri yau, gobe 'yar wata zai tare. Bayan kin kai rahoto kuma kada ki naɗe hannu, ki riƙa bibiya, ki riƙa jan yaron a jiki.

Rufin asiri fa?

Nan ne Shaiɗan ya fi samun mu. Gaskiya ne Musulunci ya kwaɗaitar da rufa wa Musulmi asiri. Amma Imam Nawawi ya bayyana a sharhinsa na Sahihu Muslim cewa wannan ga mutumin da ba a san shi da cutarwa da ɓarna ba ne. Wanda aka san shi da su, abin so shi ne a kai maganarsa ga hukuma, don rufa masa yana ƙara masa ƙarfin gwiwa. A Riyadus Salihin kuma ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ba ya zama gibar da aka haramta, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci, da neman taimako don kawar da mummunan aiki, da gargaɗin Musulmi daga sharri. Allah Ya hana ɓoye shaida a aya ta 283 ta Suratul Baƙara, Ya siffanta zuciyar mai ɓoyewa da zunubi. A aya ta 135 ta Suratun Nisa'i Ya umarce mu da tsayawa kan adalci ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi. Manzon Allah (SAW) kuma ya koyar da cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi zalunci.

Asirin da ya wajaba a rufa shi ne na yaron. Kada sunansa ya zaga ɗakin malamai da gidan biki da bakin famfo. Kuma mu ji tsoron Allah game da ƙazafi: Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga mai jifan kamammu da zina ba shaidu, Suratul Hujurat ta umarce mu da tantance labari. Shi ya sa malama za ta ce "na ga kaza, yaro ya ce kaza", ga wanda ke da alhakin bincike kawai. Yanke hukunci aikin alƙali ne.

Gare mu iyaye mata

Idan malama ta yi sallama a gidanki da irin wannan magana, kada ki tare ta da "ina ruwanki". Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ki saurare ta, ko da wanda aka ambata ƙaninki ne ko ƙanin maigida. Idan kuma ke ce hannunki ya yi nauyi a kan ɗan kishiya ko 'yar riƙo, ki tuna an ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Ƙofar tuba a buɗe take.

Ki saba wa 'ya'yanki hira, ki tambaye su yadda aka wuni a makaranta da wanda suka haɗu da shi a hanya. Ki koya musu cewa al'aurarsu ba mai gani ba mai taɓawa, kuma duk babban da ya ce "kada ka gaya wa Ummanka", to a ranar za a gaya wa Umma. Ki raba musu wurin kwana idan sun kai shekara goma kamar yadda Sunna ta koyar. Ki rage aiken dare da tallan da ke kai yarinya shagunan maza da kangwaye. A taron iyaye da malamai kuma ki miƙe ki tambaya: wa ke tare da yaranmu idan an tashi? Shin malami yana keɓewa da yaro a ofis ƙofa a rufe? Wa yaro zai kai wa kuka idan malami ne ya cuce shi? A rassan ƙungiyarmu ma ya kamata kowane reshe ya san asibiti da ofishin da ake kai irin wannan magana a yankinsa tun kafin buƙata ta taso.

Ya 'yan'uwa, dukkanmu masu kiwo ne, kuma za a tambaye mu abin da aka ba mu kiwo. Malama za a tambaye ta ajinta, uwa za a tambaye ta ɗakinta, maƙwabciya za a tambaye ta kukan da ta ji ta bayan katanga.

Allah Ya tsare mana zuriyarmu daga sharrin masu sharri, Ya sanya tausayi a zukatanmu, Ya ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya a inda ta dace. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.

Wassalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.